Kwanon wake a kan dutsen ƙanƙara: daga Aboabo zuwa Ifran

Mu mutanen Aboabo, sanyin da muka sani shi ne na hunturu. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu iska ta taso daga arewa, leɓe ya tsage, dattawa su naɗe wuya da rawani, yara su riƙa gudun wankan safe, masu koko kuma su sayar da nasu tas kafin ƙarfe bakwai. Mako uku ko huɗu an gama, zafi ya dawo inda ya tsaya. Shi ya sa in aka ce mana akwai wuri a cikin Afirkan nan da ruwa ke daskarewa a cikin buta, mutane kuma su biya kuɗin mota takanas don su je su yi wasa a kan dusar ƙanƙara, sai mu ɗauka labarin Turai ake ba mu. To, wurin yana nan, kuma da yawa daga cikinmu sun sha kwana kusa da shi ba su leƙa ba.

Ina nufin masu zuwa ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko, inda zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, kuma inda aka binne shi a 1815. Daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Sawaba, ba a rasa masu tafiya. A hau jirgi daga Akra zuwa Kasabalanka, a shiga jirgin ƙasa wajen awa huɗu, sai Fas. Mu 'yan kasuwa kuwa ba ma dawowa hannu rabbana: jallabiya, takalman fata masu tsinin baki, turare, butocin shayi, duk mukan ɗan saro. Amma dubi yadda muke zama a can. Ɗaki kusa da zawiya, gari da shito da muka ƙullo daga gida, daga masallaci sai kasuwa, daga kasuwa sai ɗaki. Mutum ya yi kwana goma a ƙasar mutane bai taɓa zama ya ci abin da suke ci ba. Ni dai a ganina, ɗan kasuwar da bai sa hannu a kwanon mutanen gari ba, farashin garin kawai ya sani.

Kimanin kilomita 65 kudu da Fas akwai wani gari da ake kira Ifran, a kan duwatsun Atlas. Can muka nufa wata Asabar a cikin Janairu, mu biyar: ni, da wani Alhaji dattijo mai fataucin goro, da matarsa Hajiya, da wani malamin makarantar allo wanda shi ne bakinmu wajen Larabci, da wani yaro ɗan ƙanena da nake koya wa saro. Tasi ɗin da ke bin hanyar mutum shida take ɗauka, kuma ba ta tashi sai ta cika, kamar dai motocin tashar Aboabo. Muka biya kuɗin kujera ta shida, muka shirya da direba ya yini da mu ya dawo da mu.

Hanyar hawa ce tun daga fitar gari. Aka wuce gonakin zaitun, aka shiga Imuzar, garin tuffa, inda bishiyoyin suka kaɗe ganye sarai kamar sun mutu. Daga nan sai muka fara ganin fari-fari a gefen titi, tamkar an zubar da garin rogo. Hajiya ta yi salati. Yaron nan kuwa ya manne hanci da gilashi, bai sake magana ba har muka isa.

Ifran gari ne da Faransawa suka gina a 1929, lokacin da Maroko ke hannunsu, don jami'ansu su riƙa gudun zafin Fas da Miknas. Sun gina shi da fasalin ƙauyukan ƙasarsu: rufin ɗaki mai tsini da jan tayil don ƙanƙara ta zame, tituna masu faɗi, lambuna ko'ina. Tsayinsa daga teku ya haura mita 1,600. Kumasi kuwa wajen mita 250 ce, ka ga ke nan ko tudun Kwahu da muke ɗaga kai mu kalla daga Nkawkaw ƙane ne a nan. A wannan gari aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, ranar 11 ga Fabrairu 1935. Akwai fadar sarki, akwai Jami'ar Al-Akhawaini da aka buɗe a 1995, wadda sunanta ke nufin 'yan uwa biyu, wato Sarki Hassan na Biyu da Sarki Fahad na Saudiyya. A tsakiyar gari kuma akwai wani zaki da aka sassaƙa da dutse, kowa ya zo sai ya yi hoto da shi.

Gidajen cin abinci na tsakiyar Ifran masu kyau ne, ba laifi: gilashi daga sama har ƙasa, murhun itace na ci a ciki, ma'aikata da fararen riguna. Har da kifin ruwan sanyi da ake kiwo a yankin suna gasawa. Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗaya, Malam ya karanta masa farashi, ya juya shi zuwa sidi a kansa, sannan ya waiwayi direba ya ce a tambaye shi inda shi yake ci. Wannan tambaya ce ta tsofaffin fatake, kuma ban taɓa ganin ta ba da kunya ba. Direba ya yi dariya ya nuna sama da hannu.

Saman da ya nuna shi ne Mishlifen, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Ifran, ta cikin dajin wasu manyan bishiyoyi da Larabawa ke kira arzu. A dajin akwai birai marasa wutsiya masu kaurin gashi, suna zaune bakin hanya suna jiran gyaɗa. Mishlifen ɗin kansa wani kwari ne mai kama da ƙwarya, bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, tsayinsa wajen mita 2,000. A nan ake wasan zamiya. Masu iyawa su ɗaura dogayen filanki biyu a ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su gangaro daga sama kamar an harbo su. Amma waɗannan kaɗan ne. Yawancin jama'a iyalai ne daga Fas da Miknas da Rabat, mata da jallabiya da safar hannu, maza da yara a kafaɗa. Su hayi wani ɗan abin zama na katako, su ja shi zuwa tudu, su zauna su sulalo suna ihu. Na ga dattijo mai furfura ya faɗi ya mirgina, jikokinsa na tafi, shi ma yana dariya.

Sanyin wurin ba irin namu ba ne. Na hunturu fata yake busarwa, wannan kuwa ƙashi yake nema. Cikin minti ashirin na daina jin yatsun ƙafata, ga takalmin da na saya a Kejetia ya jiƙe sharkaf. Azahar ta yi, muka dubi butar da muka zo da ita, muka dubi juna, ba wanda ya fara miƙa hannu.

Nan ne direba ya kai mu wata rumfa a gefen wurin ajiye motoci. Rumfa ce ta leda da katako, benci biyu, tukunya babba mai ƙaramin baki a karkace a kan wuta, da jerin tukwanen ƙasa a kan gawayi. Mai rumfar dattijo ne, zai yi sa'ar Alhaji, sanye da jallabiyar gashin tumaki mai hula. Kafin a yi maganar abinci, da ya ga buta a hannun Malam, sai ya sauke butar shayinsa daga wuta, ya sirka mana ruwan ɗumi, ya shimfiɗa kwali a bayan rumfa. Muka yi alwala, muka yi sallarmu ta matafiya. Da Malam ya gaya masa daga Gana muke, ziyarar Shehu muka zo, sai ya dafa ƙirji ya ce marhaba har sau uku. Su ma Malikawa ne, kuma ƙira'ar Warshu da muka koya a allo ita suke karantawa. A masallatansu za ka ga an ajiye dutse mai santsi don taimama, saboda tsofaffi da marasa lafiya da ruwan sanyi zai cutar.

Abin da ke cikin babbar tukunyar sunansa bisara. Wanda ya je Makka ya san ful, waken nan mai faɗi da ake ci da safe. To shi ne ake busarwa, a ɓare bayansa, a dafa da tafarnuwa har ya narke, a dama shi ya yi kauri kamar kunu. Dattijon ya zuba mana a kwanonin ƙasa, ya kwarara man zaitun a kai har ya yi tafki, ya barbaɗa wani ƙamshi da suke kira kamun, da ɗan jan barkono. Ya miƙo burodinsu mai faɗi kamar faifai, wanda ya ɗumama a bakin murhu. Ba cokali, sai dai ka gutsuri burodi ka dangwala, in ya rage ka ɗaga kwano ka kurɓe.

Jama'a, na ci abinci a wurare da dama cikin shekarun da na yi ina yawon kasuwa, daga Kantin Kwari zuwa Lome zuwa Dubai. Ban tuna kwanon da ya shige ni kamar wannan ba. Da farko ma riƙe shi kawai na yi, ina jin zafin ƙasar yana buɗe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya. Loma ta farko na ji ta tun daga maƙogwaro har ciki, kamar an kunna fitila. Man zaitun ɗin yana da ɗan ɗaci mai kama harshe, waken kuma laushi, ba ƙwaya ko ɗaya. Muka yi shiru, ba ka jin komai sai kurɓa. A benci ɗaya da mu akwai direbobi biyu, da wani mai hayar katakon zamiya, da wani mutum mai tsadadden kwat da matarsa waɗanda suka fito daga babbar mota. Kowa kwano iri ɗaya, kowa hanci na zuba.

Hajiya ce ta fara magana. Ta ce, "Alhaji, wannan ai ƙullun alale ne aka dama." Sai ta buɗe jaka ta fito da kwalbar shito, ta ɗiga a nata. Mai rumfa ya matso yana kallo. Malam ya yi masa bayani da Larabcin littafi, wanda ya sa direbobin murmushi, don su nasu na kasuwa daban ne. Dattijo ya lakata a burodi, ya yi bismilla, ya kai baki. Ya ɗan tsaya. Sai tari, sai hawaye, sai dariya, rumfa duk ta ɗauka. Da ya samu numfashi ya ce a gaya wa Hajiya, mutanen da ke da wannan ba su bukatar itacen wuta. Daga ƙarshe kwalbar a wurinsa ta kwana, shi kuma ya cika wa Hajiya leda da busasshen waken da ƙullin kamun.

Bayan bisara aka sauke mana tajin ɗaya. Tajin sunan tukunyar ne, sunan abincin kuma: faranti na ƙasa da murfi mai tsini kamar malfa. Hikimar murfin ita ce tururi ya hau, ya taru a tsinin, ya koma ruwa ya gangaro kan abincin, don haka da ruwa kaɗan da gawayi kaɗan nama ke nuna har ya saki ƙashi. Namu na rago ne, an jera dankali da karas da albasa a kansa, da 'ya'yan zaitun. Kowa ya ci gabansa da burodi, naman kuma aka bar shi a tsakiya sai ƙarshe, sannan mai rumfa ya zo ya yayyaga ya tura wa kowa rabonsa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka gani? Yadda aka yi mana muna yara." Gaskiya ne. A gidajenmu ma yaro ba ya fara kai hannu kan nama.

Sai shayi. Sunansa a bakinsu atai, ka ji inda atayarmu ta samo dangi. Ganyen shayin Sin ne, da sukari mai yawa, ana ɗaga buta sama a tsiyaya don ya yi kumfa, kamar yadda samarinmu ke yi a majalisun Aboabo bayan isha'i. Bambancin shi ne da sanyi na'ana'a kan yi wuya, sai su sa wani ganye mai ɗaci da suke kira shiba, su ce yana ɗumama jiki. Mutanen duwatsun nan Amazik ne, harshensu ɗan uwan na Buzayenmu ne na Agadas, kuma wajen son shayi ba ka raba su.

Muna shan shayin ne Alhaji ya shiga tambayoyin da ɗan kasuwa ba ya iya bari. Wata nawa ake ciniki a nan? Daga ina ake kawo wake? In ƙanƙara ta narke fa? Dattijo ya amsa ba ɓoye-ɓoye. Shi makiyayi ne, yana da tumaki a wani ƙauye wajen Azru. Rumfar ta lokacin ƙanƙara ce kawai, kuma cinikin na Asabar da Lahadi ne da hutun makaranta. In ta sauka da kyau, abin da ya samu a 'yan makonnin nan shi ke sayen abincin dabbobi har ciyawa ta fito. In ba ta sauka ba, ba baƙi, ba ciniki, kuma ba ruwa a rafi da bazara, don ƙanƙarar da ake wasa a kanta ita ce ke narkewa ta shayar da gonaki. Ya ce yana yaro takan rufe hanya kwana da kwanaki, yanzu kuwa wata shekarar sai a yi ta duban sama.

Maganarsa ta dawo mini daga baya. Maroko ta yi shekaru a jere tana fama da fari, har ta kai a watan Fabrairu 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da yanka layya a shekarar, saboda dabbobi sun ragu, tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Duk wanda ya san matsayin ragon layya a gidan Musulmi ya san ba ƙaramin abu ke kawo wannan ba. Da na ji labarin, tumakin dattijon nan na tuna. Mu da muke rayuwa da lokacin kaya, goro in ya yi, albasa in ta shigo daga Nijar, mun san ciwon kasuwar da ke jiran sama.

Da muka tashi biya, kuɗin bisara bai wuce na kwanon waakye mai ƙwai ba. Ruwan alwala da shayi kuwa ya ce ba a sayar wa baƙon Shehu. Yaron ƙanena ya buɗe baki zai nemi ragi a kan tajin, don abin da nake koya masa ke nan a shagunan Fas. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ana taya kaya, ba a taya abin da aka riga aka ci." Ya ciro goro fari manya guda biyar ya ɗora a kan kuɗin.

Wuraren zamiya irin wannan ba Mishlifen kaɗai ba ne a hanyoyin da muke bi. A Marokon akwai Ukaimedan, kudu da Marakish, wanda ya fi shi tsayi, wajen mita 2,600, can ma tajin ake jerawa a waje. Masu saro a Turkiyya, in kun je Bursa garin yadi, dutsen Uludag na bisa kanku, ana hawa da wata mota mai rataye a waya, a sama kuma ana sayar da tsiran naman sa a cikin burodi da wani abin sha mai kauri na madara da kirfa da ake kira salep. Amma 'ya'yanmu da ke Italiya da Jamus da Faransa, in abokan aiki sun ja ku duwatsun Alps, ku buɗe ido. Narkakken cukun da ake dangwala da burodi a Suwizalan, wanda suke kira fondu, a al'adance da giya ake narka shi. Dankali da cuku na ɓangaren Faransa kuma sau da yawa akwai naman alade a ciki, ko a gefensa. Tambaya ba kunya ba ce. A duwatsun Maroko da Turkiyya wannan damuwar ta yi sauƙi ƙwarai, shi ya sa mai iyali zai fi sakewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rumfar nan zango ce. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, suka nufi Gwanja neman goro, inda duk suka sauke kaya aka ba su ruwa da tuwo, nan ne zango. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu, bayan 1900 kuma zangon Kumasi ya cika ya batse. Maigida ya sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye. Daga wannan ciyarwa ne abincinmu ya zama na ƙasa baki ɗaya. Waakye daga shinkafa da wake ya samo suna. Koko har yau da sunan Hausa ake kiransa daga Bolga zuwa Takoradi. Ƙosai da tuwon zafi ma haka. Duk abincin talaka ne, wake da gero da masara, irin wanda ke tsayar da matafiyi da ƙafafunsa. Uwayenmu da ke hura wuta tun kafin kiran assalatu a bakin tashar Aboabo, suna zuba wa direba da ɗan dako da yarinyar da ta sauko daga motar arewa ba ta san kowa ba, aikin dattijon nan suke yi. Mu da muke wuce su kullum mun daina ganinsu, wani ma har ya tsaya yana musu a kan ƙosai ɗaya. Baƙon da ya kwana a mota kuwa, ya sauka cikin hunturu aka miƙa masa koko mai zafi da fara'a, zai yi shekara ashirin yana ba da labari a garinsu.

Saboda haka mai niyyar ziyara, in tafiyarka ta faɗo tsakanin Janairu da Fabrairu, ka ware yini ɗaya. Ka tambayi direbobin tasi a Fas ko ƙanƙara ta sauka, su ne ke da labarin safiya. Ka tafi da wuri, ka guji Lahadi in ba ka son cunkoso. Safa biyu, takalmi mai rufi da ba ya shan ruwa, safar hannu, da hular da ke rufe kunne. Mai hawan jini ko ciwon ƙirji ya bi a hankali, kada ya biye wa yara wajen hawa tudu. In da hali ka tafi da uwargida, don su ne ke dafa mana shekara da shekaru, sun cancanci a zaunar da su a zuba musu. Ka riƙe ɗan abin gida a jaka, goro ko shito ko dabino, saboda akwai alherin da kuɗi ba sa biya. Gari da shiton ɗaki kuma su jira dare.

Waken da aka ba Hajiya ya iso Aboabo lafiya. Ta dafa, ta aiko mini da kwano, kuma ta yi shi daidai, har da man zaitun. Muka ci a ƙofar shago ana zufa, fanka na juyawa. Alhaji ya suɗe hannu ya ce da daɗi, sai dai an manta an baro sanyin a can. Allah Ya saukar musu da ƙanƙara mai albarka, mu kuma Ya ba mu damina mai kyau da kasuwa mai tafiya.